Maɓallin Auta

Ranar da labarin ya iso, Auta tana tsaye a wurin aikinta tana gugar zannuwan gado. Yayanta ne ya kira waya. Bai ko gaisa ba, ya ce, "Auta, ki zo gida. Mama ta tafi." Ta tsaya riƙe da dutsen guga har sai da ƙaurin ƙuna ya tashi, abokiyar aikinta ta fizge shi daga hannunta.

A cikin mota kuka bai zo mata ba. Tsoro ne ya zo. Gwangwanin Mama kawai take tunani.

Mama 'yar cocin Metodis ce tun tana budurwa. Ba ta iya karatu ba, amma waƙoƙin coci duk suna kanta. Kowace safiya, kafin ta ɗora ruwan zafi, sai ta zauna a bakin gado ta juye maɓallai daga wani tsohon gwangwani. Kowa a gidan yana da nasa. Na Baba baƙi ne, daga rigar aikinsa. Na Yaya fari, daga rigar makaranta. Na Auta shuɗi, daga rigarta ta mawaƙan coci. Sai ta ɗauki ɗaya, ta kira sunan mai shi, ta yi masa addu'a, ta mayar, ta ɗauki na gaba.

Shekara uku da suka wuce, ranar da aka binne jaririn Auta, Mama ta kama hannunta za ta yi addu'a. Auta ta fizge hannun. Ta ce, "Ki cire ni daga gwangwaninki. Me addu'arki ta tsinana min?" Mama ta dube ta, ta ce, "To." Tun daga ranar Auta ba ta sake taka gidan ba, kuma wannan "to" ba ta bar kunnenta ba. Mama ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Ta tarar da gida cike da matan zumuntar coci suna waƙa ƙasa-ƙasa. Ta ratsa su ta shiga ɗaki. Gwangwanin yana nan a kan taga. Ta juye shi a kan gado. Ga na Baba, ga na Yaya, ga na jikoki, har da na maƙwabciyar da suka shekara ba sa ga maciji. Ta baje su, ta sake bajewa. Ta leƙa ƙarƙashin gado. Babu shuɗi.

Ta zame ƙasa tana cewa, "Ta cire ni. Wayyo Allah, ta tafi ta bar ni a waje."

Baba ya shigo yana dogara sanda. "Wa ke zubar min da kayan matata? Auta, ke ce? Me kike nema?"

"Nawa, Baba. Babu nawa."

Sai ya miƙa sanda ya nuna rigar da ke rataye a bayan ƙofa, wadda aka cire wa Mama da safe. "Juya wuyan."

Ta juya. Ga shuɗin maɓallin nan ta ciki, an ɗinke shi da baƙin zare.

"Kin ce ta cire ki daga gwangwani, ta cire," in ji Baba. "Kin san uwarki da cika magana. Duk rigar da za ta sa, sai ta warware shi ta sake ɗinkawa. Ni kuwa rigata ta shekara ba maɓalli, ko kallonta ba ta yi ba." Ya so ya yi dariya, muryarsa ta karye.

A nan kukan ya zo mata.

Gwangwanin yana wurin Auta yanzu. Ba ta iya addu'a kamar Mama ba, sunaye kawai take kira, kuma har yau gabanta na faɗuwa kada ta tsallake wani. Shi ya sa kowace safiya, in ta gama, sai ta kifa gwangwanin ta girgiza shi, ta leƙa ciki, kafin ta ɗora ruwa.