Hannun da Auta ba ta gani ba

A gidan yayata ba a faɗuwa jarrabawa. Ko gwajin jini ne, so take a ce ɗanta ya zo na ɗaya. Shi ya sa da malamin autarta ya aiko cewa yarinyar ba ta iya kwafar abin da ke kan allo, a kai ta a duba mata ido, Yaya ta ce sharri ne.

"Idonta garau, raini ne kawai. Kullum sai na tsaya a bakin makaranta ina ɗaga mata hannu kamar mai tsayar da mota, ta dube ni ta kau da kai. Jiya ma sai da na ja mata kunne."

Ni na raka su asibiti. Ɗakin gwajin dogo ne, kujera a nan, allo mai haske a can ƙarshe. Alama ɗaya ce a jikinsa mai ƙafa uku, tana jujjuyawa, tana raguwa layi bayan layi. Aikin Auta ta nuna inda ƙafafun suka fuskanta.

Layi biyu ta yi ta cije, tana ƙanƙance ido. Sai me? Yaya ta sulale ta tsaya gefen allon, ta shiga ba ta satar amsa da yatsu uku. Sama! Hagu! Kunya kamar in nutse. Auta ko gezau.

"Maman Auta, ki huta," in ji likita. "Ba ta ganin hannunki."

Ya ce na kusa take gani, na nesa kuwa dishi-dishi. Babanta na sa tabarau? Yana sawa. To akwai gado, ga kuma yini a ɗaki, hanci cikin littafi ko waya. Za ta sa tabarau, ta riƙa fita wasa waje da rana, a dawo da ita duk shekara.

Yaya ba ta bar gefen allon ba. Likita ya ɗora wa Auta tabaran gwaji, ya zura gilashi, ya sake wani.

"Laa, Mama! Ashe kina can?"

Wallahi sai yayata ta ba ni tausayi. Ta ɗaga hannu a hankali, yadda take yi a bakin makaranta.

Nan take Auta ta washe baki ta ɗaga nata.