Ƙwallon Tsumma a Ajin Tamar

Dawuda ya jingine sungumi a jikin motar Mato, ya ce, "Kar ka tashi sai na dawo."

"Ina kuma za ka? Laimar ƙasa ba ta jiran kowa."

"Kolej. Zan ɗauko yarinyar."

"To, ɗaga ƙafa. Ina cika, ina tafiya."

Jiya da la'asar ruwan farko ya sauka a Tanut, masu zuwa daga Gangara kuma suka ce can ma ya jiƙa ƙasa sosai. A can gonar Dawuda take. Bara ba wanda ya girbi abin kirki a duk yankin Damargu, ɗan irin geron da ya rage masa kuwa a tulu ya toshe shi, ya hana kowa taɓawa ko da yara suna kukan yunwa. Shuka aikin mutum biyu ce: ɗaya yana gaba yana sara da sungumi, ɗaya yana biye yana zuba iri yana rufewa da diddige. Matarsa Magdalena kurkunu ya kwantar da ita. Saura 'yarsu Tamar.

Ya san mako mai zuwa za a yi jarrabawar birebe, ta kammala kolej. Ya kuma san in Tamar ta shiga motar nan, da wuya ta dawo kan lokaci, don hanyar Gangara ba ta da amana da damina. Bara ta faɗi saboda Ingilishi. Ta tsaya gaban mai tambaya, bakinta ya ƙi buɗewa har aka ce ta fita. Bana ce damarta ta ƙarshe.

Da ya bar ta, in da karatu ake yi. Amma maƙwabciyarsu Hajjo, mai sayar da ƙosai a ƙofar makarantar, ta ce masa, "Wane karatu? Daga safe sai ihu da tafi, kamar gidan biki. Wasa suke yi, Dawuda."

Tun daga bakin ƙofa ya ji ihun. Ya bi shi har ajin ƙarshe, ya tsaya a taga, zuciyarsa tana tafasa.

An ture tebura gefe. Ɗalibai sun rabu biyu, suna jifan juna da ƙwallon tsumma. Mai jifa zai fara magana da Ingilishi, wanda ya cafe ya ƙarasa ta nan take. Wani dogon saurayi ya cafe, ya yi "e... e...", ya tsaya.

"Ka mutu, Aghali! Zauna!" ajin ya ɗauka.

"'Yan Belbeji sun ƙare!" in ji wata, tana tsokanar Aghali da sunan garinsu.

"Ke da wa? Jira dai!" in ji Aghali.

Aghali ya wurga ƙwallon da haushi. Ya wuce kan kowa, ya fito ta taga, ya faɗa ƙirjin Dawuda. Ya riƙe shi bai sani ba.

Malamin, Mushe Jibo, wato Malam Jibo da Faransanci, ya fito yana goge alli a hannunsa. "Sannu da zuwa, baban Tamar. Lafiya?"

"Lafiyar ke nan, Mushe. An yi ruwa, matata tana kwance, ni kaɗai ne. Na ce yarinya tana karatu, ashe ƙwallo kuke yi da ita."

"Ƙwallo muke yi, gaskiya ne."

"Kuma ba ka ji kunyar faɗa ba?"

"Baban Tamar, 'yarka ta san abin da ke cikin littafin nan tun bara. Ba sani ne ya gagare ta ba. In aka tambaye ta, sai ta tsaya tunani, tsoro ya riga ta. Ƙwallo ba ya ba ta lokacin jin tsoro."

"Za ta ci?"

"Ban sani ba. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Dawuda ya so a ce masa e ko a'a. Daga can tasha ya ji Mato ya danna oda. Ya leƙa cikin ajin. Tamar ta riga ta ɗauki jakarta, ta rungume a ƙirji, kanta a ƙasa, kamar yadda take tsayawa a gida in ana faɗa. Ba ta roƙe shi ba. Ita ma ta san abin da ke cikin tulun nan.

"Baba, na shirya," ta ce, muryarta da ƙyar take fita.

Ya buɗe baki zai ce ta fito. Sai ya ga har yanzu ƙwallon yana hannunsa, ya rasa inda zai ajiye shi. Ya miƙa hannu ta taga ya jefa mata.

Jakar ta faɗi, Tamar ta cafe ƙwallon. Kafin kowa ya motsa, Aghali ya harbo mata rabin magana da Ingilishi, da gangan, don ya rama. Tamar ta mayar masa da sauran a tsaye, da ƙarfi, ba gargada, har da nuna shi da yatsa. 'Yan ɓangarenta suka fashe da ihu suna dukan tebur.

Dawuda bai gane ko kalma ɗaya ba. Amma tunda aka haife ta bai taɓa jin muryarta ta kai haka ba.

Ta juyo ta dube shi, dariyar tana gushewa daga fuskarta. Ya tuna tsawon gonar, da yadda zai sara layi har ƙarshe, ya dawo ya bi shi da iri, rana tana shanye laimar a bayansa. Wani ɓangaren ba zai samu shuka ba bana.

"Ɗauki jakarki daga ƙasa," ya ce. "Ki kula da mamanki."

Ya juya da sauri don kar ya sake shawara.

Motar ta fara gangarawa lokacin da ya iso. Ya fizgi sunguminsa, ya kama ƙarfe ya haye. Mato ya leƙo da kai.

"Ina mai zuba irin?"

Dawuda ya gyara zama a kan buhu, ya dubi sama ko akwai hadari.

"Tana wasa," ya ce.