Zoben Jaka a Wuyan Kare

A shagonmu na ɗinkin jakunkuna da bel ɗin wuyan karnuka, gwangwanin zobba biyu ne tun mahaifinmu yana da rai. Zoben jaka lanƙwasa ƙarfen kawai ake yi a haɗa baki da baki, in ka ɗaga shi ga haske za ka hango tsagar. Na kare kuwa sai an yi wa bakin walda, ga wani ƙullutu a wurin haɗin, ba shi da kyan gani ko kaɗan. Jaka ba ta fizga. Kare in ya hango mage, da dukan ƙarfinsa yake tafiya.

Ƙanena Auta ya san wannan sarai. Ƙato ne da gemunsa da 'ya'yansa, kuma na faɗa masa har bakina ya gaji. Amma tun da ya fara ɗaukar hoton kayanmu yana sawa a waya, abin da bai yi ƙyalli ba bai isa ya kalla ba.

Baba mai gadi ya zo mana da rana tsaka. Shi ke tsaron wurin ajiyar katako a ƙarshen layinmu, shi da wani baƙin kare da yake kira Duna, wanda ya raina tun yana ɗan kwikwiyo.

"'Yata, ki taimake ni," in ji shi. "Duna ya tsinke igiya ya bi wani mai sayen katako har titi. Maigidana ya rantse in ya ƙara kwancewa, guba zai sa masa. Ni kuma ba ni da kowa a wurin nan sai shi."

Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Zan yi maka wanda ko sa aka ɗaure da shi ba zai tsinka ba."

Na yanko bel mai kauri, na ninka, na bi shi da ɗinki a kan ɗinki har allurar keke ta yi zafi. Saura in zura zobe in rufe bakin aka kira ni daga makarantar 'yata, wai zazzaɓi ya kama ta. Ina saka takalmi na ce, "Auta, zoben walda za ka sa, ka ji ko?"

"Na ji, Yaya," ya ce, idonsa a kan waya.

Sai da yarinyar ta warware na koma shago. Na buɗe gwangwanin karnuka, sai na ga zobba masu ruwan gwal suna min dariya. Na buɗe na jakunkuna, duk baƙaƙe. Ashe da na ba da baya, wannan bawan Allah ya juye su duka a tire, ya sake raba su bisa launi, saboda wai a hoto sun fi tsari. Na juya wurin Auta.

"Wanne ka sa wa karen Baba?"

"Mai ruwan gwal mana. Ki ga yadda ya hau baƙin kare kuwa? Har Baba sai da ya yi murmushi."

"Na tambaye ka launi? Da walda ko babu?"

"Haba Yaya, ƙarfe ai ƙarfe ne."

Wallahi ban san lokacin da na wurga masa murfin gwangwanin ba. Na ɗauki ɗaya daga cikin masu gwal ɗin, na kama shi da filaya a gaban idonsa, na ɗan murɗa. Zoben ya buɗe baki kamar awarwaron yara.

"Ka gani? Ni mace, da hannu ɗaya! Kai kunnenka ado ne? Bikin aure aka ce maka za a kai karen?"

Ya fara kame-kame, wai kauri ɗaya ne, wai bai lura ba. Ban tsaya sauraronsa ba. Na tono zoben walda daga cikin tarkacen da ya haɗa, na ɗauki basilla da zare, na yafa mayafina. Ina juyawa zan fita na ga Baba mai gadi tsaye a bakin ƙofa, bel ɗin a hannunsa. Zoben ya wage, gefe ɗaya ya miƙe.



Ya ajiye bel ɗin a kan teburin yanka, ya shafa shi da tafin hannu. "Ɗinkinki ya riƙe, 'yata. Ko zare ɗaya bai tashi ba. Na ce bari in zo in gaya miki, kada ki ɗauka daga wurinki ne."

Na so ya zage mu. Da ya ɗaga murya ya tara mana mutanen layi, da na samu inda zan sauke fushina. Na juya na kalli Auta. Ya tura wayar aljihu, ya matso yana murza hannu.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri. Yanzun nan zan yi maka wani, da zoben walda, mai kauri. Ba za ka bar shagon nan ba sai da shi."

Tsohon ya dube shi.

"In sa wa wa, ɗana?"