Nauyin da Kawu Ya Ɓoye

Faya-fayan ƙarfen da ke ɗakin horon nan sun girmi duk samarin da ke ɗaga su. Tsatsa ta cinye lambobin jikinsu, ba wanda ya san nauyin kowanne sai Koci mai horar da su, shi kuwa bakinsa ƙanin ƙafarsa.

Ɗan ƙanwarsa ne ya koya masa ƙarya. Guntu ake ce wa yaron, don kowa ya fi shi tsawo, amma wajen ƙarfi Allah ya yi masa rabo mai tsoka. Ciwonsa ɗaya ne, kunne. Da zarar an ce masa kilo ɗari da arba'in ne a kan sanda, sai gwiwarsa ta yi sanyi tun bai shafa alli a hannu ba. Wata rana Koci ya gaji, ya ɗora ɗari da arba'in ɗin, ya ce, "Ɗari da talatin ne, ɗaga mu tafi gida." Guntu ya cilla shi sama kamar buhun auduga, har yana tambaya ko za a ƙara.

Tun daga ranar Koci ya riƙa rage goma a baki. Ya sha alwashin faɗa masa gaskiya idan zuciyarsa ta ƙara dakewa. Yau da gobe, yau da gobe, har gasa ta iso.

Sharaɗin gasar a fili yake. Wanda ya ɗaga ɗari da arba'in zai shiga tawagar da za a tafi da ita sansanin horo. Guntu kuwa bana ce shekararsa ta ƙarshe a rukunin matasa, ya kuma bar aikinsa na shagon faci saboda wannan ranar. Sau uku ake ba kowa dama.

A zauren gasa faya-fayan sababbi ne dal, kowanne da launinsa, lambarsa na ƙyalli. Ga lasifika, ga ƙaton allo a bango. A nan ba a ɓoye wa kowa komai.

Ɗagawar farko ɗari da talatin ce, ta gaske wannan karon. Guntu ya ɗaga, alƙalai suka kunna farar fitila, ya dawo yana murmushi.

"Kawu, yau da sa'a na tashi. Ka ga yadda ya yi mini sauƙi?"

Koci ya buɗe baki, sai lasifika ta riga shi: ɗari da arba'in. A kan idonsa murmushin ya gudu. Guntu ya hau dandali yana satar kallon allo, ya kama sanda, ya ja ta zuwa cinya, ya sake ta. Jar fitila.

Bayan labule ya zauna a kan benci, tawul a ka. Koci ya durƙusa a gabansa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko lokacin da shi kansa yake gasa.

"Ɗana, saurare ni. Wannan nauyin ka sha ɗaga shi. Duk ranar da na ce maka talatin, arba'in ne. Ƙarya nake maka."

Guntu ya ɗaga tawul ya dube shi. Babu fushi a fuskarsa, kuma da fushin ne da ya fi sauƙi.

"Haba Kawu."

"Wallahi gaskiya nake faɗa maka."

"To wacce zan ɗauka, ta can ko ta nan?" Ya ɗan yi dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Da ni ne kai, ni ma abin da zan faɗa ke nan yanzu."

Koci ya waiga neman shaida, babu. Abokan horonsa ba su sani ba, uwarsa da ke zaune cikin 'yan kallo ba ta sani ba, faya-fayan suna can a kulle a wancan ɗakin, kuma ko an kawo su ba za su yi magana ba. Ya sake rantsuwa, ya ji da kunnensa yadda rantsuwar ta yi kama da lallashi.

Aka kira Guntu karo na uku, na ƙarshe. Koci ya tsaya bakin labule, ba a yarda ya wuce nan ba. Ya ga an shafa alli, ya ga an gyara ƙafa daidai yadda ya koyar. Sandar ta taso, ta kai ƙirji, ta tsaya ɗan tsayawar da har zauren ya yi tsit. Sannan ta faɗo gaba, ta gangara.

Guntu ya sauko a hankali yana kwance ɗamarar ƙugunsa. Hawaye ya cika wa Koci ido. Yaron ne ma ya dafa kafaɗarsa.

"Ba komai, Kawu. Na san don ka ƙarfafa mini gwiwa ka faɗa. Na gode."