Ciyawar da Ba Ta Shan Ruwa

A zagaye na goma sha ɗaya ne na lura Baba Mai Fili ya daina ɗaga wa 'yan kallo hannu. Tun daga zagayen farko, duk sa'ad da ya zo wucewa ta gaban rumfar manyan baƙi sai ya ɗaga hannun dama, su tafa masa. Wannan karon hannun yana dafe da haƙarƙarinsa, ƙafarsa ta hagu kuma tana jan ƙasa.

"Goma sha ɗaya!" in ji mai gabatarwa ta lasifika. "Jama'a, shekara sittin da takwas ke nan a duniya! Ina samari? Ku ji kunya! Masu alkawari kuwa, a fara lalubar aljihu!"

Aka yi dariya, aka ƙara tafi.

Kwalejin garinmu tana neman taimako ne don gina sabon wurin wasanni: ɗakin motsa jiki, wurin ninkaya, da sabon filin ƙwallo a gurbin tsohon. Tsarin taron ranar kuwa shi ne, kowane mai bayarwa ya yi alkawarin abin da zai bayar a kan kowane zagaye ɗaya da Baba ya yi wa filin da ƙafa. Gwargwadon tafiyarsa, gwargwadon abin da zai shiga asusun.

Ba zan ɓoye ba, ni na kawo wannan shawara. Shekarata biyu da gama jami'a ba tare da aiki ba, sai kwamitin gidauniyar ya ɗauke ni na wucin gadi ina rubuta masa wasiƙun roƙo. A wani zama, don kawai a san ina wurin, na ce mutane ba sa ba gini kuɗi, mutum suke ba. Na ce akwai dattijon da ya shekara talatin da huɗu yana kula da filin nan, maƙwabcina ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Daraktan wasanni ya buga tebur ya ce, "Yaron nan yana da kai!" Na kwana biyu ina jin daɗin wannan magana.

Duk wanda ya yi karatu a kwalejin ya san aikin Baba, ko da bai taɓa gaishe shi ba. Kafin rana ta yi zafi ya gama jan tiyo daga wannan raga zuwa waccan. Layukan fili da igiya da turaku yake auna su, sannan ya bi igiyar da gwangwanin da ya huda gindinsa, farar ƙasa tana zuba siririya kamar an ja da alƙalami. Bayan kowane wasa, idan kowa ya watse, sai ya ɗauki bokitin yashi da 'yar wuƙa ya bi filin a durƙushe, yana mayar da duk ciyawar da takalmi ya tumɓuke, yana danna ta da tafin hannu. Ya wuce shekarun ritaya tun tuni. Duk shekara ake sabunta masa takardar aiki, duk shekara kuma da fargaba yake jiran ta.

Da wannan fargabar aka kama shi. Ina tsaye a ofis ranar da Darakta ya kira shi.

"Baba, in ka nuna musu da sauran ƙarfinka, wa zai buɗe baki ya ce a sallame ka? Sabon fili ai sai da mai kula."

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Baba. "Sabuwar ciyawa kamar jaririya take. Ba a ba wa wanda bai san hannu ba."

Ni kuwa na san abin da ke shafi na bakwai na ɗan littafin gidauniyar, domin ni na buga shi. Ciyawar roba za a shimfiɗa. Ɗan kwangila zai riƙa turo inji yana share ta lokaci-lokaci. Ba tiyo, ba igiya, ba mai kula. Na sani, Darakta ya san na sani, na sunkuyar da kai ina gyara takardun da ba su bukatar gyara.

Da na ga yadda yake jan ƙafa, sai na ratsa kujeru na isa wurin Darakta, na raɗa masa a kunne.

"Ranka ya daɗe, a tsayar da shi haka. Jikinsa ba daidai yake ba."

Bai waiwayo ba. Murmushinsa yana fuskantar baƙi, muryarsa tana fuskantata. "Ka ga mai farin gilashin can? Ya ce in an kai goma sha biyar zai ninka nasa. Saura huɗu. Likita ne kai?"

"A'a, amma..."

"To koma ka zauna."

Ban zauna ba. Na sauka fili na jera da tsohon. Numfashinsa yana fita da wata ƙara kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen katako, rigar gidauniyar da suka sa masa ta manne a bayansa.

"Baba, ya isa haka. Don Allah ka tsaya."

"Mai Digiri," ya ce, haka yake kirana tun ranar da na dawo daga jami'a, "kauce, kana taka mini layi. Jiya na zuba shi."

"Baba, ba sai ka..."

"Suna kallo?"

"Suna kallo."

"To madalla."

A nan ya kamata in faɗa masa. Kalmomi kaɗan ne, kuma ni mai sana'ar kalmomi ne. Amma na dubi rumfar, na tuna aikina na wucin gadi, na koma gefe.

A zagaye na goma sha huɗu, daidai kusurwar da ake buga kwana, ya tsaya. Bai faɗi kamar yadda ake faɗuwa ba. Ya matsa daga kan ciyawar tukuna, ya zauna a kan tsakuwa a hankali, sannan ya kwanta a gefensa. Motar asibitin kwalejin tana nan, sai dai motocin baƙi sun tare ta gaba da baya, kuma ba wanda ya iya zuwa ya tashi manya daga kujerunsu. A bayan motar da ta kawo kujerun haya muka ɗora shi. Muna fita daga ƙofa ina jin mai gabatarwa yana cewa Baba ya ɗan je hutawa, yanzu kuma ga ɗalibai masu wasan tsalle-tsalle.

Kwana uku ya yi a asibiti. Likita ya ce zuciyar ta daɗe da gajiya, aka rubuta magunguna, aka ce a kai shi gida ya huta. Yadda ya faɗi kalmar hutun, kowa ya gane.

Ɗakinsu ɗaya da falo. An jawo masa katifa kusa da taga don ya sami iska. Matarsa, wadda duk layinmu ke kira Inna, ta tare ni a bakin ƙofa ranar da aka dawo da shi.

"An ce kai ka ba su sunansa."

"Ni ne, Inna."

"Kai da na goya? Kai da yake yi wa ƙwallo da tsumma?" Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. "Mutumin da ke tsayawa sau biyu kafin ya kai bakin titi, shi kuka sa ya yi ta kewaya fili a rana kamar jakin niƙa, ku kuna inuwa kuna shan lemo. Wannan shi ne karatun?"

Ta matsa ta ba ni hanya, domin Baba yana kirana daga ciki.

Daga kwamitin ba wanda ya tako gidan. Sun dai aiko da katan ɗin lemo da mai ɗaukar hoto, wai a ɗauke shi yana murmushi don hankalin masu bayarwa ya kwanta. Inna ta karɓi katan ɗin ta dangwara wa mai hoton a hannu.

"Ka kai musu. Ka ce ya ƙoshi. In kuma hoto suke so, su ɗauki motocinsu."

Shi kuwa Baba maganarsa ɗaya ce kullum na shiga. Wace irin ciyawa za su shuka? Mai faɗin ganye ko siririya? Ya ce in gaya wa Darakta kada ya yarda a shuka mai faɗin ganye, ba ta jure takalmi. Ya ce in tambaya ko takardarsa ta fito. Kwana huɗu ina cewa zan tambaya. A na biyar na ɗauko ɗan samfurin ciyawar robar da ɗan kwangila ya bari a ofis, yanki ne kamar faɗin faranti, na sa a jaka na kawo masa da la'asar.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya shafa, ya juya bayanta ya ga baƙar roba da 'yan ramuka a jere. Ya kai hanci ya sansana. Ya sa farce ya ja ganye ɗaya, bai fita ba.

"Ina saiwarta?"

"Ba ta da saiwa, Baba."

"Ba a ba ta ruwa?"

"Ba a ba ta."

"Layin fa?"

"Da shi ake ƙera ta. Ba ya gogewa."

Sannan ya dube ni, ba da fushi ba, da irin kallon da yake yi wa wurin da ciyawa ta ƙi kamawa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin taron."

"Uhm." Ya ɗora yankin a ƙirjinsa. "Da ka faɗa mini, Mai Digiri, ai da zagaye biyar zan yi musu. Biyar ma don kunya."

Na ce ya yafe mini. Ya ce in miƙo masa ruwa. Ban san ko amsar ke nan ba, kuma ba zan ƙara samun damar tambaya ba. Washegari da hantsi, Inna tana shanya a tsakar gida, ya cika.

Kwana biyu bayan an binne shi Darakta ya kira ni ofis. Ya yi ta'aziyya da murya mai taushi, sannan ya ce akwai albishir: mai farin gilashin nan ya ji tausayi, ya yarda a ɗauka tamkar an kai goma sha biyar ɗin. Ya ce in rubuta sabuwar wasiƙa, mai taɓa zuciya, a ce dattijon ya ba da ransa don wannan buri, kada a bari burinsa ya mutu.

"Ka san shi fiye da kowa," in ji shi. "Ka sa 'yan abubuwan nan, gwangwanin, bokitin. Mutane suna son irin wannan."

Na ce ba burinsa ba ne. Na ce burinsa a sabunta masa takarda. Ya ce in rage ɗaukar abu da zafi, matasa da yawa suna neman kujerar da nake kai. Na ajiye masa mabuɗin durowa a kan tebur na fito. Ba na ƙirga wannan a matsayin jarumta. Jarumtar da ake bukata ta wuce tun a zagaye na goma sha ɗaya, kuma an sami wanda ya rubuta wasiƙar kafin mako ya ƙare.

Da na iso layinmu na tarar masinjan kwaleji ya riga ni. Inna ta miƙo mini ambulan, ta ce idonta ba ya ganin ƙananan rubutu. Mata biyu na zaune tare da ita a falo. Takardar sallama ce: kwaleji tana godiya da doguwar hidima, ba za a sabunta ba. Na dubi kwanan watan da ke sama. Mako biyu kafin taron aka sa mata hannu.

"Me suka ce?"

Na karanta mata duka, har da kwanan watan, ban tsallake komai ba. Ta karɓa, ta ninke ta huɗu, ta tura ƙarƙashin tabarma. Ba ta yi kuka ba. Ta ce wa ɗaya daga cikin matan ta duba ko ruwan ya tafasa.

Da na fito zan sa takalmina sai na ga inda yankin ciyawar ya koma. Wani cikin masu zuwa gaisuwa ya ɗauka abin goge ƙafa ne, ya ajiye shi a bakin ƙofa. Silifa uku ne a kansa, ɗaya a kife, ganyen kuma yana tsaye kore shar a cikin rana.