Jitar Mas'ud Tela

Mas'ud tela ne a bakin kasuwar Dutsin-Ma, amma in ka tambayi mutanen layinsu za su ce maka makaɗi ne, ɗinki ne kawai ya tsare shi. Jitar lantarki gare shi, ja, wadda ya karɓa tare da 'yar sifikarta a hannun wani ɗalibin jami'a da ya gama karatu zai koma gida. Da la'asar, in aiki ya yi sauƙi, sai ya jona ta ya zauna kan benci a ƙofar shago.

Yana da wani ɗan kiɗa na buɗe fage, gajere, mai daɗin gaske. Da ya soma 'yan majalisa kan yi tsit. Sai dai kafin ya kai ƙarshensa wata tsirkiya ta saki, sautin ya karkace kamar muryar mai mura. Mas'ud ya tsaya, ya girgiza kai, ya shiga murɗa 'yan kunnuwan da ke kan jitar. Kafin ya gama saita ta an kira magariba.

"Hannu akwai," in ji Malam Ummaru mai shayi. "Kayan aiki ne ba su taimake shi ba."

A haka sunansa ya fita, har ya kai Kurfi, inda abokinsa Rabe ke kiɗan biki da fiyano. Rabe ya sha gayyatarsa. Mas'ud ya kan je, ya buɗe fage, jita ta saki, ya koma gefe yana gyara har a tashi. Mutane su watse suna cewa ranar da wannan ya samu jitar kirki, sai dai Kano ta ɗauke shi.

Shi kuwa abin na damunsa da gaske, don bai san ƙarya ba. Ya aika aka sayo masa sababbin tsirkiyoyi daga Katsina, suka fi tsofaffin saurin saki. Ya ɗora laifin kan zafin kwanon shagon, ya mayar da ita gida ƙarƙashin gado, matarsa Rukayya ta ce ba ta san an yi mata baƙuwa ba. Ya ce girgizar hanyar Kurfi ce, ya daina hawa acaba da ita. Duk a banza.

Daga nan ya koma kallon bidiyon masu gyara a waya, ɗinkin mutane na jibge a kan keke. Ya gane ashe naɗin da yake wa tsirkiya a jikin kunne ya yi yawa, shi ya sa take zamewa. Ya koyi jan sabuwar tsirkiya da yatsa har ta gama miƙewa kafin a saita. Ya goga bakin fensir a 'yan ramukan da tsirkiyoyi ke bi a wuyan jitar don kada su riƙa maƙalewa. Abin ya yi sauƙi, amma bai tafi ba. A ƙarshe ya kwance murfin bayanta, ya tarar sifirin, wato 'yan ƙarafa masu talewa da ke riƙe gindin tsirkiyoyin, sun saki jiki. Ya ɗaure su, ya sassaƙa guntun katako ya tokare wurin. Ya saita ta, ya jingine. Washegari tana nan daram. Bayan mako ma haka.

Ya kira Rabe. "Ta zauna, abokina."

"Alhamdu lillahi. Bikin ƙanwata Surayya ya matso. Filin naka ne, ni rakiya kawai zan yi maka."

Ranar kamu aka kafa rumfa a ƙofar gidan su Rabe bayan la'asar. Har daga ƙauyen Tamawa an zo, wasu don amarya, wasu don jita. Malam Ummaru ya rufe teburinsa ya biyo mota. Mas'ud ya tashi cikin sabuwar shaddar da ya ɗinka wa kansa, ya buɗe fage. Sautin ya fito tas, 'yan mata suka shigo fili. Ya kai ƙarshen ɗan kiɗan nasa, inda bai taɓa kaiwa ba a gaban jama'a, sai ya tarar ba abin da ke gaba. Ya koma farko. Ya sake kaiwa ƙarshe, ya sake komawa. Yana yi yana kasa kunne ko wata tsirkiya za ta ji tausayinsa, amma gyaran ya yi kyau ƙwarai.

Ya kai hannu kan kunnen jitar.

"Lafiyarta lau," in ji Rabe a hankali. "Shiga waƙar."

"Wace?"

Rabe ya dube shi. 'Yan matan suka fara komawa kujerunsu ɗaya bayan ɗaya. Hajiya Batula, gwaggon amarya, ta leƙo daga cikin mata ta ce, "Rabe, ka ce wa baƙonka mun amsa sallamar, ya shigo mana."

Rabe ya ɗaga sautin fiyano ya ja ragamar kiɗan, biki ya ci gaba. Mas'ud ya tsaya a bayansa yana ɗan taɓa tsirkiya ɗaya har aka tashi.

Da suna naɗe wayoyi Rabe ya ce, "Duk tsawon lokacin nan me kake yi da ita?"

"Gyara," in ji Mas'ud.

A mota ya zauna, jitar a tsakanin ƙafafunsa, yana jiran abin da Malam Ummaru zai faɗa. Sai da suka kusa shiga gari Malam ya yi gyaran murya.

"Ni dama da na ji an cusa mata katako, na san an kashe mata murya."

Wannan bayanin ne ya zaga layin, kuma kowa ya gamsu da shi. Labarin gyaran kuma ya bi wata hanyar, ya kai kunnen ɗaliban jami'a masu jita. Suka fara kawo masa nasu, yana gyarawa, suna zama. Cikinsu akwai wani Fahad, wanda da ya karɓi tasa ya gwada ta nan take, Mas'ud ya ji waƙa ta tashi daga farko ta tafi har ƙarshenta. Ya jira shagon ya yi sauƙin mutane, sannan ya ce, "Malam Fahad, in ba damuwa, ka riƙa biyowa da yamma kana nuna mini."

Yanzu kullum bayan la'asar su kan shiga ciki su saki labule. 'Yan majalisa na waje suna saurare. In kiɗa ya fito sumul, sai su gyaɗa kai su ce Mas'ud ke nan. In aka ji yatsu na tuntuɓe, ana tsayawa ana sakewa, sai Malam Ummaru ya ajiye ludayin shayi ya ce, "Allah sarki ɗalibin nan. Amma ya dace da malami mai haƙuri."