Maɓalli Arba'in da Biyu

Duk New York babu wanda bai san waƙar "Jirgin Hoboken Bai Dawo Ba" ba. A biki a sa ta, a jana'iza a sa ta. Wai marigayi Sol Plotkin ya tsara ta ne da matarsa ta rasu. Renata Wozniak, wadda ta shekara arba'in tana sa wa 'yan wasan kwaikwayo kaya a bayan labule, in ta ji haka sai ta ja tsaki. Matar Sol likitan haƙori ta bi, tana Florida garau.

Ranar gwajin wasan da waƙar ke ciki, sabon darakta, Trevor, ya ce zai cire baiti na uku.

"Maimaici ne. Baƙin ciki ba ya son surutu."

"Ɗan nan, baitin nan nawa ne," in ji Renata.

"Naki, Kaka?"

"Ango na waƙa a gaban labule, ni ina baya ina sa wa amarya riga. Maɓalli arba'in da biyu. Sol ya tsaya a kaina da agogo, ya ga baiti biyu ba su isa ba, ya zauna kan kwandon wanki ya ƙara ɗaya, yana cin burodi da nama. Inda ango ke jan murya mata na kuka, takalmi nake ɗaurawa."

"Hannunki ne ya tsufa. In ba ki iyawa, ki tattara alluranki."

Renata ta dubi yatsunta. Sun fara sanƙarewa, ta sani, kuma ba ta da wani gida sai bayan labulen nan. Ta miƙa masa rigar.

"Ga fili ga mai doki. In ka gama a baiti biyu, ni da kaina zan tafi."

Trevor ya naɗe hannun riga. Aka saki kiɗa, ango ya rera ɗaya, ya rera biyu, mai jan labule ya ja abinsa. Sai ga amarya rabin bayanta a waje, ga darakta durƙushe yana zufa, takalmi ɗaya a hammatarsa.

"Maɓalli na nawa kake, ranka ya daɗe?" Renata ta tambaya daga gefe.

"Sha tara."

Ran buɗe wasa ta ji shi yana gaya wa 'yar jarida cewa a baiti na uku ne Sol ya zubar da hawayensa duka. Ta ja tsaki, ta wuce ɗauko rigar amarya.